SHARHI: Zaman Lafiya Da Ci Gaba Mai Ɗorewa, Darussan Da Ke Jiran Sabbin Hukumomin Raya Shiyyoyi

A watan Disambar 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar wa Majalisar Tarayya daftarin kasafin kuɗin 2025, ya raɗa masa suna kasafin farfaɗowa, wanda zai tabbatar da zaman lafiya ya kuma sake gina arzikin ƙasa. In aka cire kuɗin biyan bashi, fannin tsaro ne ya samu kaso mafi tsoka a daftarin, wato naira tiriliyan 4.91, sama da na ababen more rayuwa da na ilimi da na lafiya. A cikin shekarar ce kuma aka sanya hannu kan dokokin kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma da ta Kudu Maso Gabas, aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, aka kuma maye gurbin Ma'aikatar Neja Delta da Ma'aikatar Raya Shiyyoyi. Kafin shekarar 2025 ta yi nisa, kowace daga cikin shiyyoyi shida na ƙasar nan ta samu tata hukumar.

Waɗannan matakai sun ginu ne a kan tunani guda: cewa talauci ne uban rikici, don haka idan aka kwarara kuɗin raya ƙasa a yankin da ke fama da tashin hankali, bindiga za ta yi shiru da kanta. Tunanin yana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai Najeriya ta riga ta gwada shi fiye da sau ɗaya, kuma abin da gwajin ya nuna shi ne alaƙar zaman lafiya da ci gaba ba ta miƙe santal haka ba. Aikin raya ƙasa yana iya kashe wutar rikici. Yana iya wucewa ta gefenta bai taɓa ta ba. Wani lokaci ma shi ne ashanar. Abin da ke rarrabe tsakanin waɗannan shi ne ko aikin ya taɓa ainihin abin da mutane ke rigima a kansa, da kuma wanda aka tuntuɓa kafin a kafa tubalin farko. Yawan kuɗin da aka kashe yana zuwa ne daga baya.

Ɓangaren da babu gardama a kansa

Duniya ma ta daɗe kafin ta haɗa batutuwan biyu a takarda guda. Tun a 1992 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Boutros Boutros-Ghali, ya shigo da batun gina zaman lafiya cikin harshen majalisar, yana nufin aikin da ke biyo bayan tsagaita wuta domin kada yaƙi ya dawo. Amma da aka zo tsara Muradun Ƙarni guda takwas a shekarar 2000, babu ko ɗaya da ya shafi rikici. Sai a 2011 Bankin Duniya ya fito fili a rahotonsa na shekara ya ce babu wata ƙasa matalauciya mai fama da rikici da ta cimma ko da muradi guda. Wannan na cikin dalilan da suka sa, da aka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17 a watan Satumbar 2015, aka keɓe na 16 ga zaman lafiya da adalci da hukumomi masu nagarta.

Cewa yaƙi yana rusa ci gaba, wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga ɗan Najeriya. Ƙididdigar da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ta kiyasta ɓarnar da rikicin Boko Haram ya yi a Arewa Maso Gabas da kusan dala biliyan tara, mafi yawanta a Borno. Wani rahoto na hukumar UNDP a 2021 ya kiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000, kuma kimanin 35,000 ne kawai daga cikinsu suka mutu ta hanyar harsashi ko bam. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti suka kashe su, akasarinsu yara ƙanana. Ashe a cikin kowane mutum goma da yaƙin ya ci, tara sun mutu ne saboda gonar da ba a noma ba da asibitin da aka rufe.

Inda gardamar take shi ne idan aka juya maganar: shin ci gaba yana kawo zaman lafiya? A nan ne ya kamata ma'aikacin da ke tsara ayyukan sabbin hukumomin ya waiwayi Neja Delta.

Abin da afuwa ta saya, da abin da ba ta saya ba

A ranar 25 ga Yunin 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shelanta afuwa ga tsagerun Neja Delta, ya ba su wa'adin kwana sittin su ajiye makamai. Daga ƙarshe mutane kusan 30,000 suka shiga shirin, ana ba kowanne alawus na naira 65,000 a wata, tare da alkawarin karatu da koyon sana'a. Babu adalci a ce shirin bai yi aiki ba. Hare-hare kan bututun mai sun ragu matuƙa, garkuwa da ma'aikatan kamfanoni ta lafa, haƙar ɗanyen mai da ta durƙushe ta sake haura ganga miliyan biyu a rana. Idan aka auna abin da aka kashe da abin da ya dawo baitulmali, da wuya a samu cinikin da gwamnati ta ci riba kamarsa.

To amma mene ne aka saya? An sayi shirun waɗanda ke riƙe da bindiga. Ƙorafin da ya haifar da su, wato gurɓatar ruwa da ƙasar noma, da jin cewa dukiya tana fita daga ƙarƙashin ƙafarsu tana gina wasu birane, an bar shi a hannun wasu hukumomi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya fito a 2011, ya ce tsaftace yankin na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya ba da shawarar ware dala biliyan ɗaya a matsayin somin taɓi. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin. Ita kuwa hukumar NDDC, wadda aka kafa tun shekarar 2000 domin ta zama hannun raya yankin, binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnati a watan Satumbar 2021 ya nuna ta karɓi kusan naira tiriliyan shida tsakanin 2001 da 2019, ya kuma lissafo ayyuka 13,777 da aka samu tangarɗa wajen aiwatar da su.

Raunin wannan zaman lafiya ya bayyana a 2016. Da farashin mai ya faɗi aka zaftare kasafin shirin afuwa, alawus ya fara makara, sai ga wata sabuwar ƙungiya mai suna Niger Delta Avengers ta ɓullo tana fasa bututu, har haƙar mai ta sauko kusa da ganga miliyan 1.4 a rana a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga mashassara. Gwamnati ta koma teburin sulhu, aka ci gaba da biya. Shirin da aka tsara domin 'yan shekaru kaɗan ya haura shekara goma sha biyar yana cikin kasafi, sannan a 2022 aka ba kamfanin da ke da alaƙa da tsohon jagoran tsageru, Government Ekpemupolo da aka fi sani da Tompolo, kwangilar gadin bututun mai. Zaman lafiyar da sai an sabunta kuɗinsa kowane wata ya fi kama da haya, kuma mai haya ya san ranar da ya gaza biya za a fitar masa da kaya.

Akwai wani lissafi da ma'aikacin gwamnati zai fi kowa ganewa. Lokacin da ake biyan tsohon tsagera naira 65,000, mafi ƙarancin albashi ya zama naira 18,000 ne a 2011, ya koma 30,000 a 2019. Sai a 2024, da aka kai shi 70,000, ya zarce wannan alawus. Matashin da ya zauna a gida bai ɗauki makami ba yana kallo, kuma darasin da ya koya a fili yake. An ga irin wannan darasi yana maimaita kansa a Arewa Maso Yamma, inda gwamnatocin Zamfara da Katsina suka ƙulla sulhu da 'yan bindiga a 2016 da kuma 2019. An karɓi wasu bindigogi, an saki wasu fursunoni, an ɗauki hotuna. Ba a daɗe ba aka koma gidan jiya, domin burtalin da aka nome, da gandun dajin da aka yanka wa masu hannu da shuni, da shari'ar satar shanu da kisan gilla da ba a taɓa yankewa ba, duk suna nan yadda aka bar su.

Lokacin da aikin raya ƙasa ya zama shi ne rigimar

Darasi na biyu ya fi ɗaci, kuma ba a cika ambatonsa a tarukan ƙara wa juna sani da ake yi a otal-otal na Abuja ba. A ƙarshen shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, domin noman rani na zamani. A takarda, babu aikin da ya fi shi cancantar sunan ci gaba. A ƙasa kuwa, ruwan ya cinye ƙauyuka da gonakin dubban mutane, waɗanda ke cikin filin aikin aka hana su noma na tsawon damina bayan damina ana baje ƙasa, biyan diyya ya cika da jinkiri da zargin cuwa-cuwa, manoman fadama da ke can ƙasan kogi kuma suka rasa ambaliyar shekara-shekara da ke ciyar da shinkafarsu da kifinsu. Da manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Zai zama wuce gona da iri a ce Bakolori ce ta haifi ta'addancin da ke addabar Zamfara a yau. Amma duk wanda ke mamakin yadda talakan karkara ke kallon motar gwamnati da ido biyu, ya tuna cewa a wurare da dama haɗuwarsa ta farko da Gwamnatin Tarayya ta kasance ne ta hannun mai awon fili, ta biyu kuma ta hannun ɗan sanda.

Ba kullum ake zubar da jini nan take ba. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun shayar da Kano, sun raya noman rani a Kadawa da kewaye. Amma sun rage ambaliyar da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, suka kuma sauya yanayin gudun ruwan har ciyawar kachala ta toshe magudanai. Masana tattalin arzikin ruwa da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun gano cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin, in aka haɗa noma da kifi da itace, ya fi wanda ake samu a filayen ban-ruwan da aka karkatar da shi. Da fadama ta ƙanƙance, manomi da makiyayi da masunci da suke karɓa-karɓa a wuri guda gwargwadon lokacin shekara sai suka fara cin karo a lokaci guda. An rubuta ribar a Kano, asarar kuma ta faɗa Jigawa da Yobe, inda babu wanda ya sa ta a lissafin aikin.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A lardin Kabo Delgado na arewacin Mozambik an gano iskar gas mai ɗimbin yawa a 2010, kuɗin ƙasashen waje suka kwararo, aka tashi ƙauyuka domin gina matatar gas, aka kuma kori masu haƙar duwatsu masu daraja da hannu daga filayen da aka ba kamfani. A watan Oktobar 2017 tayar da ƙayar baya ta ɓarke. A watan Maris na 2021 mayaƙa suka afka wa garin Palma, dab da wurin aikin, abin da ya sa kamfanin Total na Faransa ya dakatar da aikin dala biliyan 20. Jarin da ya fi kowane girma a tarihin ƙasar ya sauka ne a ɗaya daga cikin lardunanta mafi talauci, mazauna wurin kuma suka tsaya a bayan shinge suna kallo.

Tafkin Chadi: ruwa ne ya janye, ko hanya aka rufe?

Akwai labarin da jami'anmu suka saba bayarwa a tarukan duniya: Tafkin Chadi ya ƙafe daga murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan, mutane suka rasa abin yi, Boko Haram ta same su a sama. Maganin da ke biyo bayan labarin shi ne janyo ruwa daga kogin Ubangi, aikin biliyoyin daloli da aka yi babban taro a kansa a Abuja a 2018. Gaskiya ne tafkin ya janye ƙwarai a lokacin farin shekarun 1970 da 1980, har ya bar katafaren aikin ban-ruwa na New Marte da magudanai babu ruwa. Amma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Ƙasar da ruwan ya bari kuwa ta zama mai albarka, ta janyo manoman wake da masara da masunta daga wurare masu nisa, har Baga ta zama cibiyar bandar kifi da ake lodi zuwa kudancin ƙasar nan.

Abin da ya karya tattalin arzikin bakin tafki a shekarun baya-bayan nan shi ne yaƙin, tare da wasu matakan da aka ɗauka domin yaƙin. An hana kamun kifi da safararsa na tsawon lokaci saboda kada kuɗin ya kai ga mayaƙa. An rufe kasuwanni da iyakoki, an taƙaita safarar taki da man fetur, an hana shuka dogayen amfanin gona kusa da garuruwa. A jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar dokar ta-ɓaci ta 2015 ta taɓa cinikin kifi da tattasai da hawan babur, wato ƙashin bayan rayuwar yankin. Kowane mataki yana da hujjarsa ta soja, kuma wanda ya ga abin da ake haɗawa da taki ba zai raina hujjar ba. Amma a daidai wannan lokaci ne ɓangaren ISWAP ya buɗe wa masunta da makiyaya hanya a tsibiran da yake iko da su, yana karɓar haraji, yana raba gardama tsakanin masu rigima, kamar yadda ƙungiyar International Crisis Group ta bayyana a rahotonta na 2019. Masunci ya tarar da hukuma biyu a gabansa, ɗaya ta ce kada ya shiga ruwa, ɗaya ta ce ya shiga ya biya. Ba sai ya yarda da aƙidar kowa ba kafin yunwa ta zaɓa masa.

Binciken da UNDP ta wallafa a 2017, bayan tattaunawa da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a ƙasashen Afirka ciki har da Najeriya, ya ƙara haske a nan. Talauci da ƙarancin ilimi sun share fage, amma kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka shiga da ƙafarsu sun ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe shi ne wani abu da hukuma ta aikata, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Da a ce talauci kaɗai ke haifar da tawaye, da Jigawa, wadda ke sahun gaba a ƙididdigar talauci ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022, ta riga kowa kamawa da wuta. Tana da nata rigingimun manoma da makiyaya, musamman a yankin dausayi, amma ba ta zama Zamfara ba, kuma tana cikin jihohin da suka kafa hukuma ta musamman domin sasanta ɓangarorin biyu da kare burtali.

Maƙwabciyarmu Nijar, duk da halin da take ciki, tana da abin koyi a wannan gaɓa. Shekara biyu bayan kisan Toda na 1991 a jihar Maraɗi, inda aka hallaka mutum fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya, ƙasar ta kafa dokar karkara ta 1993. Dokar ta samar da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda masu sarauta da manoma da makiyaya da jami'an gwamnati ke zama tare su shata burtali, su rubuta cinikin gona, a kuma tsayar da ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi. Tsarin bai kare Tillaberi da Diffa daga masu iƙirarin jihadi ba, kuma kwamitoci da yawa suna fama da rashin kuɗi. Duk da haka ya ba ƙaramar rigima wurin zuwa kafin ta girma. A nan gida, dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta bar mana makiyayai kimanin 415, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a dokance, sauran kuma gonaki da gine-gine sun ci da yawansu.

Inda maganar ta dawo teburin ma'aikaci

Masu kakin soja suna da amsa mai ƙarfi ga duk wannan: ba a gina makaranta a inda harsashi ke tashi. Kuma suna da gaskiya. Gwamnatin Borno ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri ta mayar da jama'a garuruwansu, an gina gidaje da kasuwanni da ofisoshin 'yan sanda a wurare irin su Banki da Ngarannam, rayuwa ta fara dawowa. Amma a watan Afrilun 2025 Gwamna Babagana Zulum da kansa ya yi gargaɗin cewa mayaƙa suna sake samun galaba, kuma a watan Satumba aka kashe mutum fiye da 60 a Darul Jamal, garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba. Gida mai rufin kwano ba ya kare mai shi idan gonarsa tana bayan ramin tsaro. Tsaro da abin rayuwa dole su iso tare, kuma ƙasashen da suka fi kowa saurin gyara hukumominsu bayan rikici, in ji wancan rahoto na Bankin Duniya, sun ɗauki shekara 15 zuwa 30. Kasafinmu kuwa na shekara ɗaya ne, wa'adin masu naɗa shugabannin hukumomi kuma shekara huɗu.

A ganina, giɓi mafi girma yana cikin yadda aka raba aiki a Abuja. Zaman lafiya yana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro da ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Ci gaba yana ƙarƙashin ma'aikatun ayyuka da ruwa da noma, da ofishin da ke kula da muradun ci gaba mai ɗorewa. Cibiyar Zaman Lafiya da Warware Rikici, wadda aka kafa a shekarar 2000 kuma take fitar da nazarin taswirar rikice-rikicen ƙasar nan, tana maƙale ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, nesa da ɗakin da ake yanke shawarar inda za a gina madatsa ko a shimfiɗa hanya. Tun 1992 doka ta wajabta a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Tambayar wa zai rasa fadamarsa, wane burtali hanyar za ta datse, wane gari zai ji an fifita maƙwabcinsa, ba ta da irin wannan matsayi, sai dai in mai ba da bashi daga waje ya gindaya ta a sharaɗi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara dagula lamarin. Idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da gine-gine da sauran abin da aka raya a kai. Makiyayin da ke sauka a wurin wata uku a kowace shekara tun zamanin kakanninsa, da matar da ke yanko itace, da masuncin da ke jiran ambaliya, babu sunansu a jadawalin mai ƙiyasi. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da Hukumar Raya Arewa Maso Yamma za su buƙaci filaye masu faɗi, a yankin da fili shi ne tushen rigima. Abin da ya faru da shirin Ruga, wanda aka dakatar a watan Yulin 2019 kafin ya fara saboda ba a shawo kan jihohi da al'ummomi ba, bai kamata ya fita daga ran kowa ba.

Sai kuma batun abin da ke biyo bayan yanke ƙyalle. Hukumomin raya shiyya suna son gini, domin gini ne ake gani, shi ne ke da kwangila da allo mai ɗauke da suna. Amma albashin malamin da zai shiga ajin, da maganin da za a zuba a asibitin, da alƙalin da zai zauna a kotun, nauyi ne na jiha da ƙaramar hukuma, waɗanda sau da yawa ba a tambaye su ba kafin a kawo aikin. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya shafi zaman lafiya fiye da yadda ake zato, tunda a wannan mataki ne talaka ke ganin gwamnati ko ya rasa ta. Maiduguri ta nuna tsadar sakaci da abin da aka riga aka gina. Birnin da ya jure fiye da shekara goma na hare-hare, a watan Satumbar 2024 ɓallewar madatsar Alau ce ta nutsar da babban ɓangarensa, ta raba ɗaruruwan dubban mutane da muhallansu, ta karya katangar gidan yari fursunoni 281 suka tsere. Naira biliyan 80 aka amince a kashe wajen sake gina madatsar.

Gwajin da ke gudana yanzu a Birnin Gwari, inda sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu da hanyoyin da suka daɗe a rufe, zai nuna ko an koyi wani abu. Buɗe kasuwa mataki ne na ƙwarai, domin yana ba ɓangarorin biyu abin da za su yi asara in aka koma faɗa. Abin lura shi ne ko za a bi shi da shata wuraren kiwo da gonaki, da tsara haƙar zinare, da sauraron waɗanda aka kashe wa iyaye aka ƙona wa rumbuna, ko kuwa za a tsaya a hoton musabaha kamar na 2019.

Sabbin hukumomin suna matakin ɗaukar ma'aikata da rubuta manyan tsare-tsarensu, kuma dokokinsu sun ɗauko fasali da yawa daga na NDDC da na Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa a 2017. Takardar da ta fi kowace amfani gare su ita ce rahoton binciken ƙwaƙwaf na NDDC, wanda ya lissafo ayyuka 13,777 da aka samu tangarɗa wajen aiwatar da su. Ƙungiyoyin farar hula sun yi ta kiran a wallafa shi tun 2021. Darakta ko hadimin da aka ɗora wa rubuta tsarin Arewa Maso Yamma yana da hurumin ya rubuta wasiƙa ya nemi kwafinsa kafin ya zauna zaman farko da 'yan kwangila.